Me Ya Sa Maƙiyin Jiya Ke Zama Abokin Yaƙi a Wasannin Bidiyo?

Wanda ke zama a shagunan wasan bidiyo na Damagaram, ko a fadar matasa bayan sallar isha'i, zai iya cin karo da wata gardama a kan Scorpion da Sub-Zero na wasan Mortal Kombat. Wanda ya taso da tsofaffin wasannin yana rantsuwa cewa gabar jini ce tsakaninsu. Wanda ya buga na 2019 yana cewa da idonsa ya gan su suna yaƙi a sahu ɗaya, shi kuwa wanda ya fara da Mortal Kombat 1, wanda ya fito a watan Satumba na 2023, ya dage a kan cewa wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowannensu gaskiya ya faɗa, domin kamfanin da ke yin wasan ya sake gina labarin daga tushe fiye da sau ɗaya.

Ruɗanin bai tsaya ga wannan wasa ba. Mayar da abokin gaba abokin tafiya tsohuwar dabara ce a labaran wasannin bidiyo, tana da dalilai na labari da na kasuwa, kuma ta taɓa haddasa rigimar da ta kai ga barazanar kisa a intanet.

Ƙawance daban, sulhu daban, yafiya daban

Akwai abubuwa uku na cikin wasa da ya kamata a fara sani. Bos shi ne babban abokin gaba da ke tare hanya a ƙarshen mataki, wanda sai an kayar da shi ake wucewa. Abokin tafiya shi ne wanda ke raka jarumi yana taya shi faɗa, ko dai na'ura ce ke sarrafa shi ko kuma mai wasa ne ke ba shi umarni. Na uku shi ne gutsuren fim, wato wurin da wasa ke tsayawa, manet ya daina aiki, a nuna wani ɓangare na labari. Kusan duk bayanin dalilin da ya sa maƙiyi ya sauya sheƙa a cikin waɗannan gutsattsarin fim yake.

Sannan akwai matakan shiri guda uku da ake yawan cakuɗawa. Ƙawance haɗin kai ne na buƙata, kuma da zarar buƙata ta biya yakan watse. A wasan Super Mario RPG na 1996, Bowser, babban maƙiyin jarumi Mario, ya bi Mario ne kawai saboda wasu baƙin mayaƙa sun ƙwace masa gidan sarautarsa, har ma yana iƙirarin cewa Mario ne ya shigo rundunarsa. A wasannin da suka biyo baya ya koma sana'arsa ta sace gimbiya. Sulhu ya fi wannan nauyi, domin sai an fayyace laifi an amince da ajiye makami. Yafiya kuwa haƙƙin wanda aka zalunta ce shi kaɗai, ba a tilasta ta, kuma tana iya ƙin zuwa ko da an yi sulhu. Mafi yawan abin da wasanni ke nunawa ƙawance ne, amma sau da yawa ana yi masa kiɗa da ado irin na yafiya, kuma daga nan saɓanin fahimta ke farawa.

Wasa ya bambanta da fim ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Mai kallon fim bai sha duka a hannun mugu ba. Mai wasa kuwa bos ya kashe shi sau da dama, ya sake farawa, wataƙila ma ya ƙara biyan mai shago kafin ya yi nasara, saboda haka haushin da yake ji nasa ne na kansa. Idan labari ya zo daga baya ya ce wannan bos ɗin abokinka ne yanzu, mutum biyu ake nema su haƙura, jarumin da ke cikin allo da wanda ke riƙe da manet.

Inda dabarar ta samo tushe

A wasan dara, ɗan da aka ci ya fita ke nan har a tashi. Japanawa kuwa suna da wani tsohon wasan allo mai suna shogi, wanda a cikinsa ɗan da ka ci yakan dawo fili yana yi maka yaƙi. Ba mamaki da kamfanonin Japan suka riga kowa zurfafa wannan tunani a wasannin bidiyo. A Megami Tensei na 1987, mai wasa na iya yin ciniki da dodon da ya tare shi, ya ba shi kuɗi ko kaya har ya shigo rundunarsa. A Fire Emblem na 1990, akwai mayaƙan abokan gaba da ake janyowa idan aka tura musu mutumin da ya dace ya yi musu magana a tsakiyar fage, maimakon a sare su.

Daga nan marubuta suka fara saka dabarar cikin ƙashin bayan labari. A Final Fantasy IV na 1991, Golbez, wanda aka kwashe mafi yawan wasan ana yaƙa, ya zamana wan jarumin ne, kuma wani mugu na ɓoye ne ya mallake masa hankali. A wasannin Sonic na 1994, Knuckles ya yi ta ɗana wa Sonic tarko saboda Dokta Robotnik ya yaudare shi, sai da Robotnik ya sace masa dutsen da yake gadi sannan idonsa ya buɗe. Kamfanonin Amurka sun biyo sahu: a Halo 2 na 2004 an sa mai wasa ya sarrafa Arbiter, kwamandan rundunar da ke neman shafe ɗan Adam, kuma a Halo 3 na 2007 shi ne ke tsaye kusa da jarumin.

Shari'ar Scorpion da Sub-Zero

Mortal Kombat na farko ya fito a 1992, kuma labarinsa a kan waɗannan biyu gajere ne: Sub-Zero ya kashe Scorpion, shi kuma ya dawo daga lahira don ɗaukar fansa, ya kuwa ɗauka. Abin da masu wasa da yawa ba su lura da shi ba shi ne tun daga wasa na biyu, na 1993, wanda ke sanye da shuɗin kaya wani mutum ne daban. Na farko sunansa Bi-Han, na biyu ƙanensa ne Kuai Liang. Daga baya labarin ya ƙara da cewa an hallaka matar Scorpion da ɗansa da dukan danginsa na Shirai Ryu, kuma a wajajen 1997 aka bayyana cewa matsafi Quan Chi ne ya yi wannan aika-aika ya jingina ta ga Sub-Zero.

Sulhun da ake magana a kansa an nuna shi a Mortal Kombat X na 2015. Kuai Liang ya gayyaci Hanzo Hasashi, wato Scorpion bayan ya dawo mutum, zuwa gidan ƙungiyarsa ta Lin Kuei, ya zuba masa shayi, ya nuna masa hujjar da ke tabbatar da hannun Quan Chi, tare da amincewa cewa shugabannin ƙungiyarsa na dā suna cikin cinikin. Wannan amincewa ita ce ta ɗaga lamarin daga ƙawance zuwa sulhu. Duk da haka labarin bai nuna Hanzo ya zama salihi ba, domin ya je ya fille kan Quan Chi ba tare da jin shawarar kowa ba, abin da ya buɗe hanyar kuɓutar Shinnok, babban mugun da Quan Chi ke yi wa aiki, kuma ya toshe damar ceto wasu mayaƙa da matsafin ya bautar. A Mortal Kombat 11 na 2019 akwai babi guda da mai wasa ke zaɓar ɗaya daga cikin su biyun a kowane faɗa. A na 2023 kuwa an sake zamani gaba ɗaya: Kuai Liang ne ya zama Scorpion, Bi-Han ya zama Sub-Zero, suka fara a matsayin ƴan'uwa, suka ƙare a matsayin maƙiya.

Wannan hanya ta cewa wani ne ya yaudare shi ita ce mafi sauƙi ga marubuci, kuma ita ce aka fi bi. Tana kwashe laifin ta ɗora wa mutum na uku, ta yadda babu wanda zai yafe wani abu mai nauyi. Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, wanda har yanzu ake bugawa a tsofaffin na'urorin PlayStation 2 da wayoyi, ya bi wata hanya da babu tsafi a cikinta. Cesar shugaban wata ƙungiyar daba ce ta daban, yana neman Kendl ƴar'uwar CJ, jarumin wasan, kuma ƴan'uwanta maza ba su so ba. Shi ne daga baya ya kira CJ ya nuna masa da idonsa cewa Big Smoke da Ryder, abokansa na ƙuruciya, suna tare da ƴan sandan da ke cutarsu, ga kuma motar da aka yi amfani da ita wajen kashe mahaifiyarsa. A nan amana ta ginu ne a kan gaskiya mai ɗaci da Cesar ya faɗa a lokacin da yin shiru ya fi masa sauƙi.

Lissafin da ke bayan labari

Ba tausayi kaɗai ke sa kamfani ya shirya maƙiya ba. A wasan faɗa, kowane mayaƙi jari ne da aka kashe kuɗi wajen zana shi da tsara dukansa, kuma yana da masoya da ke sayen wasan dominsa. Kashe shi har abada asara ce. Scorpion shi ne tambarin kamfanin NetherRealm mai yin Mortal Kombat, saboda haka ba zai yiwu ya dawwama a matsayin bawan matsafi ba, kuma tunda dole ne kowa ya iya karawa da kowa, dole ne labarin ya riƙa ƙulla gaba yana kwancewa.

Akwai kuma buƙatar tsarin wasa. A God of War na 2018, jarumi Kratos ya karya wuyan Baldur, bos ɗin wasan, don ya hana shi shaƙe Freya, mahaifiyar Baldur ɗin, ita kuwa ta yi rantsuwar ɗaukar fansar ɗanta. God of War Ragnarök na 2022 ya buɗe da harin da ta kai masa. Amma an gina faɗan wasan ne a kan Kratos da maharbi a gefensa, kuma a sabon labarin ɗansa Atreus yana yawan rabuwa da shi. Gurbin maharbi ya zama fanko, Freya ta cike shi bayan Kratos ya taimaka mata ta karya sihirin da Odin, tsohon mijinta, ya ɗaure ta da shi. Marubutan sun yi hattara, ba su sa ta furta yafiya a nan take ba, sai dai ta mayar da fushinta kan Odin. Masu suka na ganin an yi gaggawa, masu kare wasan na ganin ƙawance aka nuna kuma an faɗi cewa ƙawance ne.

Wani abin da ke ba masu wasa haushi lissafi ne tsantsa. Magus na Chrono Trigger, wasan 1995, yana da jini, wato ma'aunin ransa, 6,666 lokacin da yake bos, amma idan ya shigo ayari ba zai wuce 999 ba kamar kowa, domin in an bar shi da ƙarfinsa wasan ya lalace.

Dabarar har ta zama dukiyar da ake karewa a gaban hukuma. Shadow of Mordor na 2014 ya zo da tsarin da abokan gaba ke tuna karawarsu da mai wasa, suna samun ƙarin girma, kuma ana iya mallake su su juya wa iyayengijinsu baya. A 2021 kamfanin Warner Bros. ya sami takardar mallakar wannan fasaha a Amurka, kuma ko da ya rufe Monolith, reshen da ya ƙirƙiro ta, a 2025, takardar tana hannunsa.

Wanda aka ba zaɓi da wanda aka hana

Wasanni biyu sun nuna iyakokin lamarin. A Dragon Age: Origins na 2009, janar Loghain ya janye rundunarsa daga fagen Ostagar, ya bar sarki Cailan da Duncan, shugaban mayaƙan da jarumi ke ciki, aka kashe su. Kusa da ƙarshe, bayan an kayar da shi a gaban majalisar manyan ƙasa, ana tambayar mai wasa ko a kashe shi ko a shigar da shi ayari. Wanda ya bar shi da rai zai rasa Alistair, abokin tafiyarsa tun farkon wasa, wanda ya ɗauki Duncan tamkar uba kuma ba zai tsaya a sahu ɗaya da wanda ya yi sanadin mutuwarsa ba. Wasan ya sa wa afuwa farashi, kuma ya nuna cewa wanda ya yafe ba lallai ne shi aka fi zalunta ba.

The Last of Us Part II, wanda ya fito a watan Yuni na 2020, bai tambayi kowa ba. Abby ta kashe Joel, jarumin wasan farko na 2013, tun a farkon labari, saboda shi ya kashe mahaifinta likita. Bayan mai wasa ya shafe sa'o'i yana farautarta ta hannun Ellie, yarinyar da Joel ya ɗauka tamkar ƴarsa, sai wasan ya juya ya miƙa masa Abby ya sarrafa ta kusan rabin tafiyar. A nan ne ta haɗa kai da Yara da Lev, yara biyu daga ƙungiyar da mutanenta ke yaƙa, har ta juya wa nata baya dominsu. Abby da Ellie ba su taɓa zama ƙawaye ba. Wanda ake so ya sauko daga fushinsa shi ne mai wasa, har ma an tilasta masa ya doki Ellie da hannunsa.

Martanin ya rabu biyu. Wasan ya sayar da kwafi sama da miliyan 4 a kwanaki ukun farko, ya kuma lashe kambun gwarzon shekara a bikin The Game Awards na 2020. A ɗaya gefen, dubban mutane sun yi masa ruwan maki marasa kyau a shafin Metacritic mai tara makin wasanni, wanda daga baya ya kafa dokar jiran sa'o'i 36 kafin jama'a su fara ba sabon wasa maki, kuma Laura Bailey, wadda ta yi muryar Abby, ta bayyana saƙonnin barazanar kisa da aka aika mata.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan irin wannan labari suna cewa wasa ne kaɗai ke iya sa mutum ya tsaya a inda maƙiyinsa ya tsaya, ya ga cewa wanda ya kashe a mataki na uku yana da suna da iyali. Suna kafa hujja da Undertale na 2015, wanda ana iya gama shi ba tare da kashe kowa ba, kuma dodannin da aka ƙyale sukan zama abokai. Suna kuma nuna cewa masu wasa da kansu ke neman wannan dama: a Baldur's Gate 3 na 2023, da farko hanyar da aka tsara ta samun Minthara, ɗaya daga cikin kwamandojin abokan gaba, a matsayin abokiyar tafiya ita ce a taya ta kai hari kan ƴan gudun hijira, amma mutane suka yi ta neman dabarar kauce wa hakan, har kamfanin Larian ya gyara wasan ya ba da damar a sumar da ita a ɗauke ta daga baya.

Masu suka ba kansu haɗe yake ba. Wasu na cewa tausayin da aka tilasta ba tausayi ba ne, kuma wasan da ya sa ka kashe ɗaruruwan mutane don nishaɗi ba shi da bakin yi maka wa'azi a kan fansa. Wasu kuma damuwarsu ita ce afuwar tana bin farin jini: mugun da ke da kyan siffa da masoya ana wanke shi, ƙananan mayaƙan da ba su da suna kuwa ana ci gaba da sheƙe su. Wannan suka ta biyu tana da ƙarfi, kuma misalin Minthara da ɓangare na farko ke alfahari da shi yana iya zama hujja a kansu.

Mai karatu a Nijar yana da ma'aunin da zai gwada. Ƙasar na tunawa da yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 duk shekara, kuma a Damagaram an san yadda ake sasanta ƙungiyoyin matasa da ake kira pale idan rikici ya ɓarke. Sulhun da aka sani a nan yana da mai shiga tsakani, mai unguwa ko malami ko dattijo, yana da shaidu, kuma idan an zubar da jini akwai maganar diyya da yardar magada. Waɗannan kusan babu su a wasanni. Abin da ke maye gurbinsu shi ne bayyanar wani maƙiyi da ya fi girma, wanda ke nufin faɗan bai ƙare ba, alƙibla kawai ya sauya.

Abin da ya shafi mai wasa a Damagaram

Yanayin da ake wasa a nan yana ƙara ruɗanin. Wanda ke biyan kuɗi a shago bisa lokaci ko bisa karawa, ga wasu na jiran manet a bayansa, ba zai zauna kallon gutsuren fim na minti biyar ba, zai danna ya wuce. Manyan wasannin nan ba sa zuwa da Hausa, sai Turanci ko Faransanci, kuma maganar cikinsu tana da sauri da karin harshen da ba a koyarwa a lakkwal. Ajiyar wasa ma ta mai shago ce, wani ya fara wani ya ci gaba, ga ɗaukewar wuta a lokacin zafi. Sakamakon shi ne yaro ya ga Freya na neman kashe Kratos yau, jibi ya gan ta tana harba masa kibiya don kare shi, ba tare da ya ga abin da ya haɗa su ba. Wasa kamar Dragon Age, mai cin sa'o'i 40 ko fiye kuma zaɓin farko na tasiri a ƙarshe, sai mai na'urar kansa ne zai ɗanɗani abin da aka gina shi dominsa.

Iyaye kuma suna da abin lura. Labarin da ke magana a kan sulhu ba ya nufin wasan ya dace da yara. Mortal Kombat na zamani da God of War da The Last of Us da San Andreas duk suna ɗauke da lamba 18 ta hukumar PEGI ta Turai, ko harafin M na hukumar ESRB ta Amurka, wadda aka kafa a 1994 bayan ƴan majalisar dattawan ƙasar sun yi zama a kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat ɗin kansa. Alamar tana kan kwalin faifai, amma wasan da aka tura ta katin ajiya ko aka sauke daga intanet ba ya zuwa da kwali, don haka sai an tambayi sunansa an duba.

Ga masu wasa a waya akwai wata ƙa'ida da ke tafiya akasin duk abin da aka faɗa. A wasannin da ake jefa mutane da yawa a fili ɗaya har a bar mutum guda, kamar PUBG Mobile, haɗa baki da abokin hamayya a zagayen da kowa ke kansa laifi ne na maguɗi, kuma idan wasu suka kai ƙara ana iya dakatar da asusun mai shi, tare da kayan da ya saya a ciki da kuɗinsa. Wanda ke son yin yaƙi tare da abokinsa sai ya gayyace shi su shiga zagayen ƴan biyu ko na ƴan huɗu tun kafin a fara.